Hoton Ƙarfe a Zauren Baffa

Na Allah ne mu duka, kuma ɗaya bayan ɗaya yake kiran abinsa. A makon jiya kiran ya faɗo kan Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ban gama famfara ba. Ya cika da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar, a daidai lokacin da shinkafar rani ta fara ɗaukar ciki.

Ƙauyenmu bai taɓa ganin motoci irin na zaman makokin nan ba. Malaman jami'a suka zo daga Kano da Zariya, motocinsu suka kasa hawa 'yar gadar kanal, sai ga manyan mutane suna tafiya a kan gaɓa sun tattare riguna suna tsallake taɓo. Kowa kuma da irin Baffan da ya zo yi wa ta'aziyya. Malaman suna cewa ƙasar nan ba ta san wanda ta rasa ba. Manoman garinmu suna cewa mutumin kirki ne, Allah dai bai ba shi hannun noma ba. Wani dattijon Bafulatani daga rugar da ke bayan gari ya ce tun da Malam ya ba shi sandar maganaɗisu yana bin dusa da ita kafin ya zuba wa shanu, saniyarsa ba ta sake haɗiyar ƙusa ba. Ya faɗi haka ya sunkuyar da kai.

Mata kuwa a cikin gida abu ɗaya suka riƙe. Da aka kira Inna, matar Baffa, ta zo ta tsaya a kansa kafin a fita da shi, kowa ya kasa kunne ya ji ta ce ta yafe masa kamar yadda aka saba. Ta yi addu'arta a ciki, ta shafa, ta juya. Kafin magariba zancen ya kai Bunkure, wai har yanzu ba ta huce ba, wai 'yarsu ta mutu yana Turai bai zo ba, ga shi ya tafi da haƙƙinta. Da na kai mata tsegumin, cewa ta yi abin da ta ba mutum da ransa ba za ta sake bayarwa don 'yan kallo ba. Ni shaida ce, a gabana ta ba shi. Amma ya yi shekara ashirin da wani abu yana jiran kalmar, yana kwana yana tashi da tsoron zai mutu bai ji ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa a ɗakin na girma. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, da izinin Inna, don kada a taƙaita Baffa a kan mutumin da bai zo ba.

Duk wanda ya taɓa shiga zaurensa ya san hoton. Baƙi da fari ne a cikin gilashi, layi-layi a jere, wannan da haske wancan da duhu, ga wasu 'yan gaɓoɓi sun ratsa su a karkace. Mutumin garinmu yana ɗora ido a kai zai ce filin noman rani ne aka ɗauko daga jirgin sama. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka na ɗauka har na shiga sakandare. Ga fangali, ga kanal, har da inda ruwa ya kwanta. Akwai tsohon da duk zuwansa sai ya dangwala yatsa ya nuna gonar ubansa, Baffa yana biye da shi da tsumma yana goge gilashin.

Wata rana wasu mutum biyu suka zo daga wajen Madobi da rigimar iyakar gona. An gaya musu Malam yana da hoton gwamnati na tun farkon raba filaye. Baffa ya zaunar da su, ya yi musu bayani cewa wannan fuskar wani ɗan guntun ƙarfe ce, kuma da za a tsaga gashin kai guda sau ɗari-ɗari, tsagi ɗaya ya isa ya rufe duk abin da suke gani. Ɗayansu ya dube shi ya dubi hoton, ya ce shi dai ya gane, an riga shi zuwa wajen Malam. Ranar na fara ganin Baffa ya fusata. Amma da yake shi ne, la'asar ta yi masa a gonar mutanen yana neman sasanta su. Bai sasanta komai ba, ya dai dawo da takalmi ɗaya, ɗayan laka ta cinye.

Abin da ke cikin hoton shi ne aikin ransa. Malamin fiziks ne a jami'a, sai ya samu damar zuwa Jamus na 'yan shekaru, wajen masu binciken yadda maganaɗisu yake kwance a fuskar ƙarfe. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsu aka sa min, kuma ni ce kaɗai a gidan da yake samu ya tsare da bayani.

"Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe, Uwata, ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, tana da inda ta fuskanta. Mu so muke mu ga wace ta kalli ina."

Yadda ya faɗa min, allura ake fiƙewa har tsininta ya ƙare a ƙwayar zarra guda, a shafe ta da ƙarfe. Sai a yi ta matso da ita kusa da fuskar abin da ake son gani, kusa ƙwarai, amma kada ta taɓa, don tana taɓawa aiki ya ɓaci. In ta matso sosai, wata 'yar wutar lantarki takan tsallaka tsakaninsu. Inda zarrar ƙasa ta fuskanci gefen da ta allurar ta fuskanta, wutar ta ƙaru, inda suka saɓa ta ragu. Allurar ta bi layi ta dawo ta kama na gaba, yadda shanun huɗa suke yi, kwamfuta kuma tana shafa haske a nan, duhu a can. Duk wannan a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, a cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, aka sanyaya ta fiye da duk ƙanƙarar da muka sani. Babbar mota ta wuce a titi, aikin yini ya tafi. Da mahaifina ya tambaye shi ko ana cin abin da tuwo, ya ce da irin wannan binciken ake koyon cusa karatu mai yawa a ɗan ƙaramin wuri a cikin kwamfuta. Mahaifina ya ce to Allah ya ba da sa'a, shi zai je ya duba ruwa.

Ɗakin nan ya biyo shi gida. Baffa ba ya buga ƙofa, ba ya jan takalmi, sai dai ka waiga ka gan shi a bayanka. Allah kuma ya ajiye shi a ƙasar injin casar shinkafa da injin ban ruwa, inda tun asuba ƙasa take rawa. Maganarsa ɗaya ce a kan komai: a bar shi ya natsu tukuna. Shayi ne, a bar shi ya natsu. Mutum ya zo da fushi, a bar shi ya natsu. Gonarsa ma haka ya bar ta ta natsu har ciyawa ta fi shinkafar tsawo, sai da mahaifina ya karɓe ta don kada a yi da mu a gari. Ya kan zauna da yaran makarantar da aka koro saboda lissafi, ya yi ta bi da su a hankali har su gane, ko da kuwa abincinsa zai huce. Ban taɓa jin ya ce wa yaro daƙiƙi ba.

Kafin ni, suna da 'ya. Ita ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe, don Allah bai sake ba su haihuwa ba. Tana da shekara tara, Baffa yana can Jamus, ta faɗa babban kanal a wajen ƙofar ruwa, ƙarfen nan da ake ɗagawa a saki ruwa. Mahaifina ne ya tsamo ta. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba, sai da ya je Kano ya samu wayar wani shago ya faɗa wa yayansa. Baffa ya yi salati a wayar, sannan ya ce zai zo in aiki ya kai inda za a iya barinsa. Bai zo ba sai da aka girbe alkama aka shiga damina. Ya zo da hoton nan a jakarsa.

Sai da na girma ya gaya min dalili, kuma bai nemi in ba shi gaskiya ba. Ya kusa shekara biyu injin yana ba su wahala, sai a makon nan allura ta yi kyau, layukan suka fara fitowa. Wa'adinsa ya kusa ƙarewa, in ya taho ba shi ba komawa.

"Na ce wa kaina an riga an binne ta, zuwana ba zai tashe ta ba. Lissafi na yi, Uwata, kuma lissafin daidai ne. Abin da ya fi cin raina ke nan."

Abin da lissafin bai ɗauka ba shi ne Inna. 'Yar fari ce ta rasa, kuma ita irin matan da ne, ko sunan yarinyar ba ta taɓa kamawa ba saboda kunya. Ba ta da bakin kuka a gaban surukai da 'yan gaisuwa. Ta zauna a tabarma ido a bushe tana amsa "ya haƙuri", mata suna yaba mata. Mutum ɗaya ne a duniya za ta iya yin kukan a gabansa, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa a wata ƙasa yana lallaɓa allura. A cikin kwanakin ne mahaifina ya kama hannuna ya kai ni ɗakinta ya ce ga 'ya nan, ya bar mata.

Na tashi a gidan da ba a faɗa, ba a kuma hira. Inna ba ta taɓa gaza masa ba. Ruwan wankansa, furarsa, wankin kayansa, komai a kan kari. Sai dai ba ta shiga zauren nan, ko shara ni take turawa. Shi kuma ba ya bi ta gadar ƙofar ruwa, gara ya zagaya ta hanyar Garun Mallam ko da rana ta take. Ba wanda yake ambaton yarinyar. Na sha ganinsa ya zo bakin ƙofarta ya tsaya, ya buɗe baki, sai ya tambayi ko an ba awaki ruwa. Ni da bakina ba ya shiru na taɓa ce masa, Baffa, wannan fa ba allurarka ba ce, in ka taɓa ba abin da zai fashe. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce a bar ta ta natsu tukuna.

Sau ɗaya na ga Inna ta fita hayyacinta. Ina aji uku a firamare Baffa ya ciro min mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo, na ɗaura masa zare ina jan ƙusoshi a tsakar gida. Ta fito daga madafa, ta fizge shi har zaren ya yanke ni, ta wuce ta jefa a masai. Baffa yana tsaye yana gani, ya juya ya koma zaure. Shi ya ɗauka aikinsa ta tsana har ba ta son ganin ɗan guntunsa a hannun yaro. Ni ma haka na ɗauka, na kuma daɗe ina jin haushinta a kai.

Sai da aka zo bikina mahaifiyata ta zaunar da ni, ta ce tun da zan yi nisa gara in san gidan da na fito. Ashe kafin Baffa ya tafi ya bar wa 'yarsa wani maganaɗisu mai ƙarfi, ɗan dunƙule, ya ce ta riƙe masa amana har ya dawo. Yarinya ta ɗaura masa igiya, ta zama ita ce gwanar bakin kanal. Murfin kwanon wata ya nutse, a kira ta. Cokali ya faɗa, a kira ta. Don kada amanar babanta ta suɓuce, sai take naɗe igiyar a wuyan hannunta. Ranar da abin zai faru Inna ta aike ta wanke-wanke, murfin wata ƙawarta ya faɗa kusa da ƙofar ruwa, ta jefa igiya. Maganaɗisun ya kama ƙarfen ƙofar ya ƙi saki. Ta ja, ta sake ja, ruwa kuma an sako shi da ƙarfi. Da mahaifina ya kai gare ta, sai da ya yanke igiyar.

A daren farko, kafin ma a kira Jamus, Inna ta tara waɗanda suka sani: iyayena, matar da ta yi wankan, da iyayen 'yan matan da ke wajen. Ta roƙe su don girman Allah kada Malam ya ji. Ta ce ta san mijinta, in ya ji abin da ya ba ta da hannunsa ne ya riƙe ta a ruwa, ba zai ƙara zama mutum ba. Garinmu da ba a ɓoye ko cikin wata biyu, ya riƙe wannan magana shekara da shekaru. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Fushin rashin zuwansa kuwa ta yi shi, mahaifiyata ta ce, fushi mai tsanani, amma bai wuce 'yan shekaru ba. Abin da ya hana ta sakin jiki da shi tsoro ne. Ta san duk ranar da suka zauna zancen yarinyar, tambayarsa ta farko ita ce yaya aka yi.

Na fita daga ɗakin nan ina jin kunyar Inna, ina kuma tausayin su biyun. Na yi shekaru ina kallonsu da wannan sanin, duk zuwan da zan yi gida. Shi yana zaton ba ta yafe ba, ita tana gudun ya matso.

Bara ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura. Na baro makarantar da nake koyarwa a Dawakin Kudu na dawo jinya. Wata safiya bayan na ba shi magani ya ce in samo mai adaidaita sahu zuwa la'asar, yana so a kai shi ƙofar ruwa, kuma yana roƙon Hajiya, wato Inna, ta raka shi. Na je na faɗa mata. Ta ajiye tsintsiyar hannunta, ta jawo ni cikin ɗaki, ta ce in ya tambaye ni ban san komai ba. Na yi mata gardama. Na ce mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa don ya ga abu yadda yake, bai kamata a sallame shi da rabin labari ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke kika zauna da shi ko ni?"

Na fita neman mai adaidaita sahun.

Kanal ya cika maƙil ranar, ruwan kore shar. Can ƙasa 'yan mata suna wanke-wanke suna dariya. Na shimfiɗa masa darduma a kan simintin, muka zaunar da shi. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sai ya miƙa hannu ya dafa ƙarfen ƙofar, duk ya yi tsatsa. Inna tana zaune a gefensa ta ja mayafi har goshi.

"Hajiya, ban taɓa tambayarki ba. Tsoro nake ji. Yaya aka yi?"

"Ni na aike ta wanke-wanke, Malam," in ji ta. "Akwai gansakuka a bakin simintin. Santsi ya ɗebe ta."

Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Akwai gansakukar, ina ganinta a lokacin ma. Baffa ya juyo ya dube ta, irin duban da ban taɓa ganin ya yi mata ba.

"Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan, ni ina can ina ta kaina. Ba laifinki ba ne. Wace uwa ce a garin nan ba ta aiken 'yarta kanal? Da na zo, da ba ki ɗauka ke kaɗai ba. Ki yafe min."

A nan Inna ta yi kukan. Tsohuwa mai furfura, a bakin hanya, masu babura suna wucewa, ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da ta haɗiye tun ina yarinya. Shi yana dafe da kanta yana ce mata ba laifinta ba ne, yana maimaitawa. Da ta samu numfashi ta ce ta yafe masa duniya da lahira, tun tuni ma. Sannan ta ɗago jajayen idanunta ta dube ni ta saman kafaɗarsa, na gane, na kau da kai.

Ya yi 'yan makonni bayan nan. Ya koma cin abinci, har ƙari yake nema. Kullum da yamma sai in jiyo su a tsakar gida suna zancen yarinyar, yadda take ƙin kuɓewa, yadda take kwaikwayon tafiyarsa ta sanɗa. Shi a ransa ya sauke wa matarsa kaya, yana ta murna ya yi mata wani abu kafin ya tafi. Ita kuma ta bar shi a haka.

Har yau ban gama yanke wa kaina ko daidai ta yi ba. Na dai ga fuskarsa ranar da aka yi masa sutura, kuma ban taɓa ganinta a sake kamar haka ba. Da na tambayi Inna ko in rubuta har da zancen igiyar, ta ce in rubuta, yanzu ba mai kai masa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa lissafin da ya yi da wanda bai yi ba. Allah ya ba Inna ladan abin da ta riƙe. Ya kuma haɗa shi da 'yarsa, in ya so ragowar labarin ita ta faɗa masa da bakinta, a inda labari ba ya ƙona zuciya.